Wa ke riƙe da makullin rumbu? Yadda ake tsara izini a ma'ajiyar manhaja ta haɗin gwiwa

Wata Asabar da daddare wani tsohon ɗalibina ya kira ni a waya, ransa a ɓace. Shi da abokansa biyu suna haɗa wata ƴar manhaja ta lissafin kaya da bashi don wasu ƴan kasuwar hatsi. Ɗaya yana Garwa, ɗaya yana Njamena, na ukun yana Maraɗi, saboda haka aikin nasu duk ta intanet yake tafiya, kowa na zuba nasa a ma'ajiya guda. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne ya buɗe aikin ya ga Git na nuna masa an taɓa ɗaruruwan fayiloli, alhali shi layi biyu kacal ya gyara. Tun kafin ya kira ni ya riga ya yanke hukunci cewa abokinsa na Njamena ne ya yi masa ɓarna.

Na ce ya buɗe ɗaya daga cikin fayilolin ya karanta mini abin da aka sauya. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "Malam, ba a sauya ko harafi ɗaya ba. Lambobi biyu kawai nake gani, 100644 da 100755." Na tambaye shi ko ya kwashi aikin a filas, wato abin da masu Faransanci ke kira clé USB. Ya ce e, ya kwaso daga kwamfutar wurin aikinsa zuwa tasa ta gida, don kada ya ƙona data. To, mai laifin ke nan. Ba wanda ya taɓa masa aiki. Iznin fayilolin ne ya sauya a hanya.

Wannan ƙaramar matsala ce, minti biyar ta isa a warware ta. Amma tana da ƴan uwa manya, waɗanda suka jawo wa kamfanoni asarar miliyoyin daloli. Kuma na lura matasanmu da ke koyon rubuta manhaja, ko a jami'a ko da kansu ta bidiyo, sukan ƙware a yaren rubutun su bar batun izini a baya, sai ranar da ya tare musu hanya. Abin da ke rikita mutane shi ne kalmar "izini" tana nufin abubuwa uku daban: iznin da kwamfuta ke ba fayil, ɗan abin da Git ke tunawa daga cikinsa, da kuma ikon da shafuka irin GitHub da GitLab ke ba kowane mutum. Wanda ya cakuɗa su zai yi ta shan magani ba na cutarsa ba.

Lambobi uku da aka gada daga Unix

Tsarin iznin da Linux da macOS ke aiki da shi, wanda kuma mafi yawan sabobin da ke ɗauke da shafukan intanet ke bi, gado ne daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a 1969 a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka. A wancan zamani kwamfuta ɗaya ce mutane da yawa ke rabawa, dole a san wa zai taɓa me. Sai aka raba jama'a gida uku game da kowane fayil: mai shi, ƴan rukuninsa, da sauran mutane. Kamar dai a ce maigida, da iyalinsa, da masu wucewa ta ƙofar gida.

Kowane ɗaya daga cikin ukun ana iya ba shi abu uku: karantawa, rubutawa, da kunnawa, wato a sa fayil ɗin ya yi aiki a matsayin shiri. Karantawa lambarta 4, rubutawa 2, kunnawa 1, sai a tara. Wanda aka ba karantawa da rubutawa yana da 6. Wanda aka ba duka ukun yana da 7. Mai karantawa da kunnawa yana da 5. Idan ka ga 644, ma'anarsa mai fayil zai karanta ya rubuta, ƴan rukuni da sauran jama'a sai dai su karanta. Idan ka ga 755, mai shi yana da komai, saura kuwa su karanta su kunna amma ba za su gyara ba. Umarnin ls -l shi ke nuna wannan da haruffa, chmod kuma shi ke sauya shi.

A kan folda ma'anar ta ɗan bambanta, kuma nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Karantawa na nufin ganin sunayen abin da ke ciki, kunnawa na nufin iya shiga, rubutawa kuwa na nufin ƙara fayil ko cire shi. Saboda haka goge fayil ba ya dogara da iznin fayil ɗin kansa. Ya dogara da iznin foldar da yake ciki. Kana iya kulle fayil ɗinka yadda ba wanda zai gyara shi, amma in foldar a buɗe take, wani zai iya share shi ya ajiye wani mai irin sunansa. Buhu a ɗaure, ƙofar rumbu a buɗe.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Da zarar kwamfuta ta ce Permission denied, ko Permission non accordée ga wanda tasa ke magana da Faransanci, abin da yawancin masu koyo ke yi shi ne su rubuta chmod -R 777, su danna. Nan take matsalar ta kau, kowa ya ji daɗi. Abin da aka yi kuwa shi ne an ba duk wani mai asusu a kwamfutar, da duk wani shiri da ke gudana a cikinta, ikon gyara ko goge komai a aikin. A kwamfutar mutum shi kaɗai haɗarin da sauƙi. A sabar da ke fuskantar intanet, in aka sami ƙofa ɗaya a wani shafi da ke zaune a wurin, maharin zai tarar da sauran ɗakuna duk a buɗe. In shafinka na buƙatar rubutu a folda ɗaya ko biyu, kamar inda ake ajiye hotunan da masu amfani suka ɗora, to waɗannan kaɗai za a ba asusun sabar shafin, wanda a Debian da Ubuntu sunansa www-data. Sauran aikin ya zauna yadda zai karanta kawai.

Abin da Git ke tunawa, da abin da yake mantawa

Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland da ya ƙirƙiro Linux, shi ya rubuta Git a watan Afrilun 2005, bayan da aka sami saɓani kan BitKeeper, manhajar da masu aikin Linux ke amfani da ita a lokacin. Cikin ƴan watanni ya miƙa ragamarsa ga Junio Hamano. Git an yi shi ne don dubban mutanen da ba su san juna ba, kowa da kwamfutarsa da sunan asusunsa. Ba ma'ana a ajiye cewa fayil kaza na wane ne, tun da wannan sunan ba ya nufin komai a kwamfutar wani.

Don haka Git ba ya ajiye mai fayil, ba ya ajiye rukuni. Ga fayil na yau da kullum abu ɗaya tak yake tunawa: ana kunna shi ko ba a kunna shi. Wanda ba a kunnawa yana rubuta shi 100644, wanda ake kunnawa 100755. Waɗannan su ne lambobin da ɗalibina ya gani. Filas da faifan da aka tsara da tsarin Windows, irin su FAT32 da exFAT, ba su da wurin ajiye iznin Unix. Idan aka kwaso aiki daga cikinsu zuwa Linux, sau da yawa kowane fayil yakan fito da alamar kunnawa, har hotuna da takardu. Git kuwa ya ga abin da ya sani a 644 ya koma 755, sai ya ce an sauya.

Akwai hanya biyu. Ko dai a mayar da iznin yadda yake, ko kuma a gaya wa Git ya daina kula da wannan alama a wannan kwamfutar, da umarnin git config core.fileMode false. Na biyun ya dace da wanda ke aiki a faifan da ba ya riƙe izini. Amma fa a san cewa wannan saiti na kwamfutar mutum ne kawai, ba ya bin aikin zuwa wurin abokansa. Babban kuskuren da za a iya yi shi ne a tattara waɗannan "sauye-sauye" na bogi a tura su ma'ajiyar kowa. Daga ranar tarihin aikin ya gurɓace: ana neman wanda ya gyara wani abu, sai a tarar da tura ɗaya mai ɗaruruwan fayiloli, gyaran gaske na layi biyu ya nutse a ciki, ba mai iya duba shi.

Matsalar tana da wata fuska ta baya. Mai aiki a Windows ya rubuta ɗan shirin da ke ɗora aikin a sabar, ya tura, a wajensa lafiya lau. Abokinsa mai Linux ya ɗauko, shirin ya ƙi tashi, domin ba a taɓa ba shi alamar kunnawa ba. Maganin shi ne a rubuta alamar a cikin Git kai tsaye: git update-index --chmod=+x sai sunan fayil ɗin, sannan a tura. Wanda ke son ganin abin da Git ya rubuta wa kowane fayil sai ya yi git ls-files -s.

Wani abin da ke biyo bayan wannan: in akwai fayil da dole ya zama 600, wato mai shi kaɗai ke karantawa, kada ka sa ran Git zai kiyaye maka. Duk wanda ya ɗauko aikin zai same shi da iznin da kwamfutarsa ta saba bayarwa. Irin wannan sai shirin ɗorawa ya saita shi duk lokacin da aka ɗora. SSH ma, wanda ake shiga sabar da shi, yakan ƙi karɓar makullin sirri in ya ga wasu na iya karanta fayil ɗin. Mutane kan ɗauka fitina ce. Ni ina ganin yana cikin ƴan wuraren da manhaja ke hana mutum cutar kansa.

Idan ma'ajiyar tana sabar taku

Ba kowace tawaga ke ajiye aikinta a GitHub ba. A ɗakin kwamfuta na makaranta, ko ofishin da intanet ɗinsa ke zuwa yana ɗaukewa, hikima ce a ware kwamfuta ɗaya ta zama rumbun kowa, ana tura mata aiki ta wayar cikin gida. Nan ne ake gamuwa da wata matsala mai kama da aikin aljanu: yau turawa ta yi, gobe ta ƙi, jibi ta yi, kuma ba abin da aka sauya. Saƙon da ke fitowa yana cewa ba a da isasshen iznin ƙara abu a ma'ajiyar.

Dalilin yana cikin yadda Git ke jera kayansa. Kowane abu da ya ajiye yana ba shi dogon suna na lambobi da haruffa, sannan ya sa shi a ƙaramar folda mai sunan haruffa biyun farko, daga 00 zuwa ff, wato folda 256 ke iya samuwa. Ba a ƙirƙirar su gaba ɗaya, sai an bukace su. Wanda turawarsa ta fara bukatar wata folda, da sunansa za a buɗe ta. A yawancin kwamfutoci kuma akwai wani saiti, umask, da ke kan 022, wanda ke sa sabuwar folda ta fito 755: mai ita kaɗai ke rubutu. To in abokin aikinka ne ya fara buɗe folda 3f, ranar da wani abu naka ya faɗa 3f an rufe maka ƙofa. Ranar da kayanka suka faɗa foldar da kai ka buɗe, ko wadda ba a buɗe ba tukuna, sai komai ya tafi daidai. Sa'a ce kawai, shi ya sa abin ke kama da sihiri.

Gyaran na gaskiya shi ne a buɗe rukuni ɗaya a sabar, a sa duk ƴan tawagar a ciki, a mallaka wa rukunin ma'ajiyar. Idan sabuwa ce, git init --bare --shared=group ya wadatar. Idan tsohuwa ce, sai a saita core.sharedRepository zuwa group, a mayar da dukan fayiloli hannun rukunin da chgrp, a ba rukunin ikon rubutu da chmod -R g+rwX, sannan a sa wa foldoji alamar g+s, wadda ke sa duk sabon abin da aka ƙirƙira a ciki ya gaji rukunin foldar. A kula da babban harafin X: shi ke ba foldoji ikon shiga ba tare da ya mayar da kowane fayil abin kunnawa ba. Hanyar da ta fi wannan tsabta ita ce a yi asusu ɗaya na Git a sabar, kowa ya shigo da makullinsa na SSH, a bar manhaja irin Gitolite ko Gitea ta tantance wa ke da ikon me.

Sai sudo. Mutum ya yi git pull ya ƙi, sai ya sa sudo a gaba, ya wuce. Daga nan wasu fayilolin cikin .git sun zama mallakar babban asusu, root, kuma gobe ba sudo ba aiki. Kowane amfani da shi yana ƙara zurfafa ramin. In hakan ta faru, chown ne zai mayar wa mai aikin kayansa.

Me ya sa ake tsananta wa foldar .git haka? Domin ba tarihi kaɗai ke cikinta ba. Akwai saituna, akwai kuma ƙananan shirye-shirye da Git ke kunnawa da kansa idan an yi wasu ayyuka. Wanda ya iya rubutu a cikin .git ɗinka zai iya sa kwamfuta ta aikata abin da yake so da sunanka. Wannan ne ya sa a watan Afrilun 2022 aka fitar da Git 2.35.2 don toshe wata kafa: a kwamfutar da mutane da yawa ke rabawa, wani na iya dasa foldar .git a sama da inda kake aiki, Git ɗinka ya ɗauki saitunansa ba ka sani ba. Tun daga lokacin Git yakan ƙi aiki a ma'ajiyar da ba taka ba ce, sai ka shaida masa ka yarda da ita ta saitin safe.directory. Za ka ga masu ba da shawarar a sa alamar tauraro a wannan saiti don a huta. Yin haka kashe kariyar ne gaba ɗaya. A ɗakin kwamfutar makaranta ko shagon intanet, inda ba ka san wanda ya zauna kafin kai ba, nan ne ma aka fi bukatarta.

Git ba ya ɓoye fayil ɗaya

Tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Malam, yaya zan ba wane aikin amma in hana shi ganin fayil kaza?" Amsar ba ta da daɗi: ba za ka iya ba. Wanda aka ba ikon ɗaukar ma'ajiya yana ɗaukar ta ne da tarihinta tun daga ranar farko. Tsohuwar manhajar Subversion tana da tsarin hana wasu shiga wasu foldoji, amma Git ba a gina shi haka ba. Abin da bai kamata wani ya gani ba, a raba masa ma'ajiya daban.

Kalmomin sirri da makullan shiga sabar kuwa, ba su da wuri a ma'ajiya ko kaɗan, ko da ta sirri ce. A ajiye su a fayil na gefe, a sa sunansa cikin .gitignore tun kafin a fara aiki. In an riga an tura, goge shi a turawa ta gaba ba ya magani, domin yana nan a tarihi, kuma yana kwamfutar duk wanda ya ɗauka. Abin yi na farko shi ne a kashe wannan makulli a yi sabo. Wanke tarihi ya biyo baya.

Kamfanin Uber ya ɗanɗana wannan. A 2016 wasu mahara suka shiga wata ma'ajiyarsa ta sirri a GitHub, suka tarar da makullin rumbun bayanansa da ke sabobin Amazon a rubuce cikin aikin. Da shi suka kwashi bayanan mutane kimanin miliyan 57, fasinjoji da direbobi. Kamfanin ya biya su dala dubu 100 ya yi shiru, sai a watan Nuwamban 2017 maganar ta fito. A 2018 ya amince ya biya jihohin Amurka dala miliyan 148, a watan Oktoban 2022 kuma kotu ta sami tsohon shugaban tsaronsa, Joe Sullivan, da laifi kan ɓoye lamarin. Ma'ajiyar ta sirri ce, amma makullin da ke cikinta ya fi ta daraja nesa ba kusa ba. Manhajar ɗalibaina ba ta kai ko ƙurar wannan ba, amma tana ɗauke da sunayen masu bashi da lambobin wayarsu da abin da ake bin kowa. A kasuwa, fitar wannan kaɗai ya isa ya raba mutane da mutuncinsu.

Matakan iko a GitHub da GitLab

Abin da waɗannan shafuka ke bayarwa shi ne iko a kan ma'ajiya gaba ɗaya. GitHub, wanda aka buɗe a 2008 kuma Microsoft ya saya a 2018 kan dala biliyan 7.5, yana da matakai biyar ga ma'ajiyar ƙungiya: mai karatu kawai, mai tsara ƙorafe-ƙorafe, mai rubutu, mai kula, da shugaba mai cikakken iko, wanda har goge ma'ajiyar zai iya. GitLab ma yana da irin wannan tsani, daga baƙo har zuwa mamallaki. Ƙa'idar rabon tsohuwa ce. Jerome Saltzer da Michael Schroeder sun bayyana ta tun 1975: a ba kowa mafi ƙarancin ikon da zai ishe shi aikinsa.

Akwai wani abu da ƙananan tawagogi ba su cika sani ba. In ma'ajiyar sirri tana ƙarƙashin asusun mutum ɗaya a GitHub, duk wanda ya gayyato yana samun ikon rubutu. Babu matakin karatu kawai. Sai an buɗe asusun ƙungiya ake samun matakan nan, kuma buɗe shi kyauta ne. Yana da wani amfanin: aikin ba ya rataye a wuyan mutum guda.

Bayan matakai sai kare babban reshe. Ana iya saita cewa ba wanda zai tura kai tsaye zuwa reshen da ake ɗorawa ga masu amfani. Kowa ya yi aiki a nasa reshe, ya nemi a haɗe, wani ya duba ya amince. Ana kuma hana turawar dole, wadda ke iya share aikin wasu daga tarihi. Sannan akwai fayil mai suna CODEOWNERS, inda ake rubuta cewa foldar kaza sai wane ya amince kafin a taɓa ta. Wannan ne mafi kusa da izni a kan fayil ɗaya, amma gyara yake tsarewa, ba gani ba. Wasu daga cikin waɗannan kariya a ma'ajiyar sirri sai da asusun biya, don haka a duba abin da kowane shafi ke bayarwa kyauta kafin a zaɓa.

A nan ne al'adarmu ke shigowa, kuma zan faɗi ra'ayina. Muna jin nauyin juna. Ka ce wa abokinka, ko wanda ya girme ka, ba za ka ba shi cikakken iko ba, sai ya ji kamar ka ce ba ka yarda da shi ba. Sai a ba kowa shugabanci don a zauna lafiya, ko ma a yi asusu ɗaya kowa ya san kalmar sirrinsa. Amma iyakance iko ba tuhuma ba ce. Amintacce ma ana sace masa waya, yana shiga asusunsa a kwamfutar haya ya manta bai fita ba, yana danna abin da bai yi niyya ba da ƙarfe biyun dare. Asusun tarayya kuwa yana kashe amfanin tarihin gaba ɗaya, tun da ba a san wanda ya yi me ba.

Ko sunan da ke jikin aiki ma ba hujja ba ne. Git yana karɓar duk sunan da ka rubuta masa. A watan Maris na 2021 wasu suka cusa mugun gyara a ma'ajiyar yaren PHP da sunan Rasmus Lerdorf, wanda ya ƙirƙiro yaren, da na Nikita Popov, ɗaya daga cikin manyan masu aikinsa. An gano da wuri, kuma bayan haka masu PHP suka bar sabar Git tasu suka koma GitHub. Maganin jabun suna shi ne sa hannu na lantarki a kan kowace ajiya, wanda tun Git 2.34 ana iya yi da makullin SSH da mutum ke da shi.

Wanda aka ba makulli da hannu

Duk wannan tsari ba ya tare mutumin da aka buɗe wa ƙofa aka ce ya shigo. Labarin xz ya nuna haka. Wata ƙaramar manhaja ce ta matse fayiloli, tana cikin kusan kowane Linux, kuma shekara da shekaru mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ke ɗawainiya da ita a lokacin hutunsa. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara turo gyare-gyare masu kyau. Wasu asusun kuma suka riƙa matsa wa Collin lamba cewa aikin na tafiyar hawainiya, ya nemi mataimaki. A hankali Jia Tan ya sami ikon rubutu, har ya kai ga shi ke fitar da sabbin juyi. Ya yi haƙurin fiye da shekara biyu.

A juyi na 5.6.0 da 5.6.1, a farkon 2024, ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa da za ta ba mai wani makulli damar shiga sabobi ta SSH. Ya ɓoye jikinta a fayilolin gwaji da ba mai karantawa, abin da ke tayar da ita kuma ya sa shi a ƙunshin da ake rabawa, ba a ma'ajiyar da kowa ke dubawa ba. Wani injiniyan Microsoft mai aikin PostgreSQL, Andres Freund, shi ya lura shiga SSH a kwamfutar gwajinsa na cin ƙarfin na'ura fiye da kima, yana kuma jinkiri na kusan rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi, ya sanar da duniya ranar 29 ga Maris 2024, kafin juyin ya kai ga mafi yawan sabobi. Abin lura ga ƙaramar tawaga shi ne ikon rubutu da ikon fitar da juyi abu biyu ne daban, kuma abin da aka ɗora wa masu amfani ya kamata ya fito daga abin da ido biyu suka gani a ma'ajiya.

Ɗalibaina uku sun gyara nasu a mako guda. Sun buɗe asusun ƙungiya, biyu suna riƙe da mallaka don kada ɓatan waya ɗaya ya rufe su a waje, tun da GitHub ya fara wajabta tabbaci mai hawa biyu ga masu tura aiki a 2023. Kowa kuma ya rubuta lambobin ceto ya adana a takarda, abin da ke da muhimmanci ga mai sauya layin waya duk lokacin da ya ƙetare iyaka. Da suka bincika tarihi sun tarar da kalmar sirrin rumbun bayanansu a wata tsohuwar turawa, suka sauya ta. Sun kuma tarar da asusun wani abokin karatu da ya taya su aiki na ƴan kwanaki a farko, har yanzu da ikon rubutu, da makullinsa na SSH a sabar. Sai da suka yi kwana biyu suna tura wa juna wanda zai kira shi ya gaya masa za a cire. Da aka kira shi, ya ce shi ya ma manta yana ciki, kwamfutar da makullin ke kanta kuwa ya sayar da ita tun bara.